Hannun da Ya Ƙi Sauka

Matata ba ta auna wurin sandar labule da tef. Tef na yankan yadi ne, in ji ta. In muka shiga gidan mutane, sai ta ajiye 'yar kujerarta ta katako a gindin taga, ta hau, ta miƙa hannun dama iya tsawonsa da fensir a tsakanin yatsu. Inda bakin fensirin ya taɓa, nan ne wurin noti. In tagar doguwa ce ta ɗaga dunduniya, in gajera ce ta ɗan lanƙwasa gwiwar hannu yadda ita kaɗai ta sani. Ni nawa huda bango ne da ɗaurewa. Haka muke yi tun da na ajiye tuƙin babbar mota. Ita ke ɗinki, ita ke magana da masu gida, ita ke sa alama, shi ya sa nake ce mata Manaja. Ita kuwa har gobe Direba take ce min, sai in da baƙi a wurin nake zama Malam.

Ran da abin ya faru muna aiki a wani sabon gida mai tagogi da yawa. An goge tayil ɗin falo da safe, yana ta sheƙi kamar madubi. Na gama ɗaure sandar tagar farko, na shiga ɗakin ciki zan canja bakin injin huda bango, sai na ji kujera ta yi ƙara a kan tayil. Na ji wani sauti kamar an karya busasshen kara. Sai shiru. Sai kuma ta kira ni da sunana na gaskiya, wanda na manta rabon da in ji shi a bakinta.

Na same ta zaune a ƙasa. Kujerar ce ta zame, ita kuma ta cafke sandar da na ɗaure da hannu ɗaya, nauyinta duka ya rataya a kafaɗa, jikinta ya juya, sannan ta saki. Gwiwar hannunta na dama tana kallon silin, sauran hannun yana kwance a kan tsakar kanta.

Na ce, "Manaja, sauke hannun mana."

Ta ce, "Da zai sauka, kai zan jira ka faɗa min?"

Gumi na tsattsafo mata a goshi. Na sa hannu a hammatarta a hankali, na ji wani abu mai tauri, zagayayye kamar mariƙin ƙofa, a wurin da ya kamata a ce rami ne. A shekarun tuƙina na ga kafaɗar 'yan lodi ta goce ba sau ɗaya ba, amma su hannunsu ƙasa yake lilo. Ban taɓa ganin wanda ya maƙale a sama ba.

Matar gidan ta fito tana salati, mai gadi ya biyo ta yana naɗe hannun riga. Ƙato ne, wuyansa kamar tayar mota.

Ya ce, "Baba, matsa in mayar mata. Na mayar wa mutane da yawa. Dunduniya a hammata, a ja ƙasa sau ɗaya, shi ke nan."

Na ce, "Waɗanda ka mayar wa, hannunsu sama yake kallo ko ƙasa?"

"Ƙasa."

"To wannan ba irin naka ba ne. Buɗe min get."

Ban yi makaranta mai nisa ba, amma hanya ta koya min abu ɗaya: in ƙarfe ya maƙale ta inda ba ka taɓa gani ba, kada ka ɗauko guduma. Kuma wancan sautin na karyewar kara bai bar kunnena ba.

Shigar da ita mota ma aiki ne. Gwiwar hannun ta ƙi wuce ƙofa. Sai da na kwantar da kujerar gaba, na sauke gilashi, ta shiga a karkace, gwiwar na leƙen waje. Mayafinta ya ƙi zama, matar gidan ta ɗauko ragowar yadin labule ta lulluɓa mata. Duk ramin da taya ta faɗa sai ta ja numfashi ta haƙora. Ga cunkoso. A wurin fitilar hanya wata mai sayar da lemo ta leƙo, ta ga mace da hannu a ka tana hawaye.

Ta ce, "Wayyo, Mama, wa ya rasu?"

Manaja ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Mijina ne, in bai taka motar nan ba."

Na taka.

A asibiti nas ɗin farko ta kai hannu za ta sauke mata, Manaja ta yi wata ƙara da ta sa duk masu jira suka juyo. Aka kira likitan ƙashi. Siriri ne, bai kai babban ɗanmu shekaru ba, yana da tabarau da ke zamewa a hanci. Ya tsaya yana kallonta kamar wanda ya haɗu da abin da ya daɗe yana jin labari. Ya ce kada kowa ya taɓa hannun. Ya kama wuyan hannunta a can saman kanta yana jin bugun jini, ya ce ta motsa yatsu, ta motsa. Ya ɗan tsikare ta a gefen kafaɗa ta waje.

"Mama, kin ji?"

"Me zan ji?"

Ya sake tsikara. Ba ta ji ba. Ya dube ni, na dube shi, ban ji daɗin kallon ba.

Aka yi hoto. Kafin ya fito 'yarmu ta iso daga wurin aikinta, takalmi daban-daban a ƙafa. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana. Ya ce kan ƙashin hannu kamar ƙwallo yake, yana zaune a cikin ɗan faifai. Yawancin mutane in ya goce, gaba yake fita. Na Manaja ƙasa ya faɗa, ya shige ƙarƙashin faifan, shi ya sa hannun ya tashi sama ya kulle. Ya ce irin wannan a littafi ya fi ganinsa. Sannan ya sa bakin biro a wani wuri.

"Ga kuma karaya nan. Gefen ƙwallon ya ɓalle. Da wani ya ja hannun nan ƙasa da ƙarfi, da yanzu wata magana muke yi."

Na tuna wuyan mai gadi.

Suka yi mata allurar barci mai sauƙi. An ce mu jira a waje, amma ƙofar ba ta rufu duka ba, ni kuma ba mai zama ba ne. Na ga sun ratsa zanin gado ta saman kafaɗarta, wani ya riƙe bakinsa yana ja ta wajen ƙafafu. Likita ya kama hannun ya ja shi sama, can inda yake kallo, a hankali, kamar ba ya so. Ashe sama ake ja. Ya daɗe a haka, tabarau na zamewa, babu mai hannun gyara masa. Sannan ya fara zagayo da hannun ta gefe sannu sannu, kamar sandar shingen hanya tana sauka. Na ji ƙwas daga inda nake. Hannun ya kwanta a jikinta.

Da ta farka abin da ta fara cewa shi ne, "Ina fensirina?" Sai ta dube ni. "Kai kuma da ba ka ɗaure sandar nan kamar za a rataye bijimin sa a jiki ba, da ita ce ta karye, ba ni ba."

Muka yi dariya, har 'yarmu ta share hawaye. Na ɗauka an gama.

Aka sake hoto, aka kuma tura ta cikin wani inji mai kama da bakin tanki. Da yamma likita ya kira mu. Ya ce ƙwallon ya koma gidansa, jijiyar jini lafiya, wurin da ba ta ji zai iya farfaɗowa da kansa. Amma guntun da ya ɓalle bai koma ba. Ya nuna mana shi, bai fi kan babban yatsa ba, yana can sama da baya, shi kaɗai.

Ya ce, "A jikin wannan guntun jijiyoyin da ke ɗaga hannu suke kama. Su ne suka janye shi. In ya haɗe a inda yake, zai zama kamar dutse a ƙarƙashin ƙofa. Hannun zai ɗago zuwa ƙirji, iyaka kafaɗa, ya tsaya. Sai mun buɗe, mun jawo shi wurinsa, mun ɗaure da noti da zare. Kuma ƙashi ba ya jira. Kwanaki kaɗan muke da su kafin aikin ya yi wuya."

Manaja ta gyara ƙyallen da aka rataye mata hannu da shi. Ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Hannu ya sauka, na gode. Wuƙa kuwa, a'a."

Na san dalili. Yayarta, wadda ta koya mata ɗinki, da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, tana ba Manaja ajiyar 'yan kunnenta, tana cewa a dafa mata ruwan wanka. Ba ta farka ba. 'Yan kunnen suna cikin gwangwanin maɓallai har yau.

Na ce, "Ai yanzun nan suka sa ki barci kika tashi."

Ta ce, "Wancan gyangyaɗi ne. Direba, ɗauko mota."

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. In na zauna a falo sai in tashi, in na fita ƙofar gida sai in dawo. Na wanke mota, na sake wanke ta. Na kwance injin huda bango na shafa masa mai, ba abin da ya same shi. Keken ɗinki na rufe da zani a lungu, gidan ya yi shiru irin wanda ban saba ba. Ita kuma tana zagaye ɗakuna da hannu a rataye, tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara da hannun hagu. Duk safiya sai in kalli kafaɗar nan ta cikin riga, in ga kamar ina jin guntun yana kafa gindi a inda bai kamata ba.

'Yarmu ta roƙe ta, ta yi kuka, ta yi fushi, ta kira yayyenta a waya ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi nasa wa'azin. Manaja ta saurare su duka.

Ta ce, "Ku dai kuna son hannu. Ni ina son in ga jikokina. Aiki kuma ba zai tsaya ba. Ina da ido, ina da baki, ubanku yana da hannu biyu. In zauna in nuna, shi ya sa alama."

Ni ban shiga sahun masu wa'azi ba. Na yi shekaru ina ciniki da masu kaya da masu shingen hanya, na san mutumin da ya kafe ba a tura shi ta gaba. Amma maganar nan tata ta zauna min a kai.

Sai ga matar sabon gidan ta bugo waya, tana gaishe da mai jiki, tana kuma zagaye-zagaye, don baƙi za su zo mata kuma tagoginta tsirara suke. Na ce mata gobe muna tafe. 'Yarmu ta dube ni kamar na haukace.

Na ce wa Manaja, "Kin ce ki zauna ki nuna. To mu je mu gwada."

Muka je. Mai gadi ya buɗe get yana sunkuyar da kai. Matar gidan ta kawo kujera mai laushi ta ajiye a tsakiyar falo, aka zaunar da Manaja kamar baƙuwa. Na shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashin kujerar katako, na hau, na ɗauki fensir. Na sa alama a ƙasa da inda ya kamata.

"Sama."

Na kai shi sama sosai.

"Kai, ba silin na ce ba. Sauko kaɗan."

Na sauko, na kauce hagu.

"Dama. Damanka, Malam, ba na maƙwabta ba."

Matar gidan ta rufe baki da mayafi. Na sa alamar gefe ɗaya, na matsar da kujera, na sa ta ɗaya gefen a karkace yadda ko makaho zai gani. Na sauko na ja baya, na riƙe ƙugu.

Na ce, "Ai ya yi."

"Me ya yi? Labulen zai zube gefe guda kamar hular mashayi."

Na sake hawa. Muka yi ta yi. Bangon mutane fari tas ya cika da ɗige-ɗigen fensir kamar ƙuda sun yi taro. Ina jin numfashinta yana canjawa a bayana. Gaskiya rabin kuskuren da gangan nake yi, amma rabin ba da gangan ba ne, kuma wannan ya ba ni tsoro. Shekarun nan duka ina kallonta tana yi, ban taɓa sanin yadda take yi ba.

Sai na ji kujera mai laushi ta motsa. Kafin in juyo ta iso gindin taga, ta manta da komai, tana cewa, "Ba ni nan, ga wurin can," ta yunƙura za ta nuna da hannun dama. Gwiwar ta ɗan rabu da jikinta a cikin ƙyallen, kamar faɗin tafin hannu, ta tsaya cak. Fuskarta ta yamutse. Ba wannan na shirya ba. Na diro daga kujerar na riƙe ta.

Ba ta yi ƙara ba. Ta tsaya tana kallon bangon, wurin da take gani da idonta sarai, hannunta kuma ba ya zuwa. Matar gidan ta sulale ta shige ciki.

Ta ce a hankali, "Da gangan ka yi."

Na ce, "Na farko-farkon. Na baya kuwa iyakar iyawata ce. Haka za mu yi ta yi, Manaja, ke a kujera, ni a bango, har Allah ya ɗauki ɗayanmu."

"Allah ya kiyaye."

Can ta ce, "In ban tashi ba fa?"

Ban yi mata ƙarya ba. Na ce ban san gaibu ba, likitan ma bai sani ba. Na ce zan tsaya a bakin ƙofar, ba zan je ko shan ruwa ba.

Ta ce, "Goge ƙazantar nan da ka yi wa bangon mutane. Sannan ka kai ni wurin yaron nan mai tabarau."

Kafin aikin wata likita mai sa barcin tiyata ta zo ta zauna a bakin gadonta. Manaja ta yi mata tambayoyi kamar mai sayen keken ɗinki na hannu: wa zai tsaya a kaina, me za ki duba, in numfashi ya yi kaza me za ki yi. Matar ta amsa duka ba ta gaji ba. Da za a tura ta, Manaja ta cire 'yan kunnenta, ta dube su, ta dubi 'yarmu da ta miƙo hannu. Sai ta ba nas.

Ta ce, "Riƙe min nan kusa. Da kaina zan karɓa."

Na auna barandar ɗakin tiyatar nan da ƙafa har mai shara ta ce, "Baba, ka bar min wurin da zan goge." Rana ta tashi daga wannan taga ta koma waccan. Duk ƙofar da ta motsa sai in miƙe, alhali a tsaye nake. Da likita ya fito, tabarau a hannu, ban iya tambaya ba. Shi ya ce guntun ya koma wurinsa, ya kama da kyau, tana farkawa. Na shiga na same ta tana lumshe ido, leɓe a bushe, tana ce wa nas, "'Yan kunnena."

Sauran kuma doguwar hanya ce. Makonni hannu na rataye. Sannan mai gashin ƙashi ta fara sa ta sunkuya tana lilo da hannun kamar guga a rijiya. Wurin da ba ta ji ya fara yi mata kamar tafiyar tururuwa, likita ya ce albishir ne. Daga baya aka ce ta riƙa tsayawa a gaban bango tana hawa da yatsu, kaɗan kaɗan, ta sa alama inda ta tsaya. Ta zaɓi bangon tagar ɗakinmu, inda tsohuwar alamarta take a gefen noti tun ran da muka sa labulenmu. Na hana ta hawa kujera, don haka na auna tsawon kujerar na sauko mata da alamar daidai. Kullum da safe tana can, goshi a bango, tana zagin kafaɗar, tana zagina, yatsu na rarrafe. Alamomin suka wuce ƙirji. Suka wuce kafaɗa, ranar ta kira 'yarmu a waya. Suka wuce kai.

Sai suka tsaya. Saura kamar faɗin yatsu uku. Ta yi ta fama, alama na kan alama har fensir ya huda fenti. Likita ya ce wataƙila ya ƙaru, wataƙila iyakarsa ke nan, kuma a wurinsa wannan nasara ce babba. Ta daina zagi, ni kuma zagin na fi so.

Ran da za mu koma aiki karon farko, na ɗauki kujerar katako na kai bayan gida. Na yanko katako mai kaurin yatsu uku, na buga a ƙarƙashin kowace ƙafa, na bi da robar tsohuwar taya don kada ta sake zamewa a tayil ɗin kowa. Na shafa ƙasa a jiki don sabon katakon ya yi duhu.

Kafin mu fita ta ce bari ta gwada a tagarmu. Na riƙe kujerar da hannu biyu. Ta hau, ta tsaya, ta ja numfashi. Hannun ya tashi a hankali, fensir a tsakanin yatsu. Bakinsa ya sauka a kan tsohuwar alamar, gefen noti.

Ta tsaya a haka. Sannan ta sunkuyo ta kalli ƙafafun kujerar, ta kalle ni.

"Direba, kujerar nan ta ƙara tsawo."

Na ce, "Katako ne. Ruwa ya sha, ya kumbura."

"Har da taya ya fitar?"

Na ƙara riƙe kujerar da kyau.

Ta soke fensirin a ɗankwali, ta dafa kaina da hannun dama ta sauko. Ta ce, "To kada ka bari ya bushe. Ɗauko injin, mun makara."